Farautar Dodon Kaf

A layin tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan akwai wata 'yar rumfa a gindin mangwaro, inda Malam Misbahu mai gyaran agogo yake zama tun yana da baƙin gashi. Da waya ta zo ta kashe wa agogo kasuwa, sai hannunsa ya huta, bakinsa ya karɓi aikin. Babu abin da ba shi da ra'ayi a kai, amma manyan ra'ayoyinsa biyu ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencinsa ya haddace su ko bai so ba.

Na farko, in ka cire littattafan addini, ɗan Adam bai taɓa rubuta abin da ya kai tsofaffin littattafan leƙen asiri na Turawa ba. Yana da kwali guda maƙil da su a ƙarƙashin tebur, ya saye su tun yana saurayi a hannun wani tsohon ma'aikacin jirgi da zai koma garinsu. Bangonsu ya yage, takardar ta yi ja, kyankyasai sun ci gefe, amma ko matarsa Rabi'a ba ta isa ta taɓa su ba. Ya karanta ya maimaita har ya fara ganin kansa a ciki. Yakan ce da a ƙasar sanyi aka haife shi, da yanzu gwamnatoci biyu na nemansa ruwa a jallo. Yakan kuma ɗaga yatsa ya koya wa jama'a babban darasin da ya samo, wato maci amana kullum a cikin gida yake, wawa ne kawai ke tafiya nesa nemansa.

Na biyu, waƙar zamani ba waƙa ba ce, hayaniya ce ta samu gata. A cewarsa yaran yanzu sukan tura murya cikin kwamfuta ta fito kamar akuya ta haɗiye usur, su maimaita kalma uku har rana ta faɗi, su ce sun yi fasaha.

Ana nan sai wata waƙa ta cika gari, wai ita "Bebi Kunna Data". Mawaƙin yana kiran kansa Dodon Kaf, wato Dodon Kafanchan, kuma ba ya fitowa sai da wata hular saƙa da ta rufe fuska gaba ɗaya, ga baƙin gilashi a kai. 'Yan Keke suna kaɗa ta, shagon aski yana kaɗa ta. Har Mama Keziya mai ƙosai, wadda ke kafa kaskonta a gefen rumfar Malam Misbahu, ta sa an tura mata a waya, tana juya ƙosai tana girgiza kafaɗa. Wannan ya ƙona masa rai ƙwarai.

Wata yamma ya fara zazzaga wa waƙar zagi kamar yadda ya saba, sai amininsa Azariya, manomin citta, maƙwabcinsa tun suna samari, ya katse shi.

"Malam, tunda kai ne ka ƙoshi da leƙen asiri, gaya mana. Wanene wannan Dodo?"

Malam Misbahu ya yi dariyar manya. Ya ce wannan ai ba aiki ba ne, motsa jini ne. Dama an san Dodon Kaf zai yi wasa a sen-fot ɗin Paulina 'yar Azariya, wato taron sallamar amarya da iyayenta ke yi kafin ɗaurin aure. Ya bugi ƙirji ya ce kafin a tashi daga taron zai cire wa yaron nan hula a bainar jama'a. Da ya tsaya a nan da sauƙi. Amma baki shi ke yanka wuya. Ya ƙara da cewa zai nemo uban da ya haifi mawaƙin, ya tsaya gabansa ido da ido, ya gaya masa a gaban mutane cewa bai iya tarbiyya ba.

Azariya ya ƙware da ruwan da yake sha. Mama Keziya ta sunkuya tana kallon mai kamar ta yar da wani abu a ciki. Malam Misbahu ya ɗauka kwarjininsa ne ya kama su.

"In ka kasa fa, Malam?" in ji Keziya. "Ni dai takarda nake nema. Jarida ya yi wuya yanzu, kuma wannan littafin ka zai sha mai da kyau, na gani da ido."

Ya ce in ɗaya daga cikin biyun ya faskara, ta kwashe kwalin gaba ɗaya ta naɗe ƙosai. Aka kafa shaidu, magana ta zauna.

Ya fara aiki daga gida. Ya kira ɗansa Saifullahi, wanda ke da shagon gyaran waya a kasuwa, ya ce ya tura masa waƙar banzan nan don bincike. Saifullahi ya karɓi wayar, har sau biyu tana suɓuce masa. Uban ya ji daɗi, ya ce wa Rabi'a ta dubi yaron kirki, ko taɓa irin wannan waƙa ba ya son yi. Rabi'a ta ce ita dai da zai ji shawararta da ya bar maganar nan, ta shige kicin da sauri tana tari.

Daga ranar waƙar ba ta bar kunnensa ba. A littattafansa maƙiyi yakan ɓoye saƙo a cikin abin da ba a zato, don haka ya bi ta kalma kalma, ya saurara da safe, ya saurara bayan azahar, ya sa a kunnen dama ya mayar hagu. Bai samu saƙo ba. Abin da ya samu shi ne ƙafarsa ta dama ta fara buga ƙasa da kanta in yana cin tuwo. Da Rabi'a ta nuna masa, sai ya ce auna bugun kiɗan yake yi, ita ba za ta gane ba.

Mataki na biyu shi ne kwanton ɓauna. Ya je wurin masu gwanjo ya sayi wata doguwar kwat mai nauyi har gwiwa, da malafar Turawa, da baƙin gilashi. Ya huda jarida a tsakiya, ya je ya rakuɓe jikin wani ɗan shagon katako da ke kallon situdiyon bayan tashar mota, inda aka ce nan ake buga waƙoƙin. Lokacin kuwa bazara ce, rana na dukan mutum kamar da gayya.

Abin da littattafan ba su faɗa masa ba shi ne, a garuruwan Turawa mutum na iya tsayawa a bakin titi wuni guda ba wanda zai ce masa ci kanka. A Kafanchan ba a wuce babba ba a gaishe shi ba. Bai gama gyara jaridar ba wani ɗan acaɓa ya taka birki ya ce masa ina wuni, ya gida, ya Hajiya. Shi kuma ba ya iya ƙin amsa gaisuwa, don ba haka aka rene shi ba. Ya amsa ta cikin hudar jarida. Mai rake ya gaishe shi. Wasu mata da suka taso daga taron Zumuntar Mata na coci suka tsaya, suka dubi kwat, suka dubi gumin da ke zuba, suka tambaye shi tun yaushe zazzaɓin ya kama shi.

Ana cikin haka ƙofar situdiyon ta buɗe, sai ga Saifullahi ya fito da jaka a kafaɗa. Yana ganin ubansa ya daskare, sannan ya tsallako titi ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi.

"Tashi, kana tona min asiri," in ji uban cikin raɗa. "Waya ka kawo musu?"

Saifullahi ya ce eh to, kusan haka.

"Madalla. Tunda kana shiga, ka sa ido. Duk wanda ka gani da hular saƙa ka gaya min."

Ya koma gida yana alfahari ya dasa mutuminsa a cikin sansanin maƙiya. Ya tarar labarin zazzaɓinsa ya riga shi isowa. Matar Fasto ta aiko da kunu, Liman ya aiko a duba shi, Azariya kuma ya zo da kansa da tulun shayin citta mai yaji, ya tsaya a kansa sai da ya shanye.

Duk da haka bai saduda ba. Ya zauna ya auna tsawo da tafiya da faɗin kafaɗa, lissafi ya kai shi kan Kaleb, shugaban mawaƙan coci, wanda kuma shi ke riƙe lasifika a bukukuwan unguwa. Ranar da ya ga Kaleb ya shiga gaban wata akori-kura mai zuwa Kagarko, sai ya lallaɓa ya haye baya, ya kwanta tsakanin buhuna ya ja tamfol ya rufa. Buhunan nan kuwa busasshiyar citta ce. Ba a bar gari ba atishawa ta fara, tun yana danne ta da malafa har ta fi ƙarfinsa. Direba ya tsaya a wani ƙauye, ya yi kururuwar ɓarawon citta. Jama'a suka fito da taɓare da sanduna, aka yaye tamfol, sai ga dattijo cikin kwat, ido ja, hanci na zuba. Allah ya sa Kaleb ya gane shi, ya shiga tsakani yana cewa ai Baba Misbahu ne mai agogo, kwanan nan ba shi da lafiya. Wanda ake farauta shi ya ba mafarauci kujerar gaba, ya saya masa ruwa, ya sa shi a motar dawowa.

Washegari Mama Keziya ta leƙa ƙarƙashin teburinsa ta tambayi lafiyar littattafanta. Ya ce mata mai dariyar ƙarshe shi ne mai dariya. Amma biki ya matso, kuma ya fara mafarkin jarumansa suna iyo a kaskon mai.

A nan ne basira ta zo masa, ko abin da ya ɗauka basira ce. Ya gane cewa kwat ɓadda kama ce ta ƙasar sanyi. A bikin Kafanchan, wanda ke son ɓacewa anko yake sakawa. Rabi'a ta riga ta karɓo masa ankon dangin amarya, don a wurin Azariya shi ɗan gida ne, amma ya ƙi, domin masu wannan yadin a rumfar manya za a zaunar da su, nesa da dandamali. Ya wuce shagon Kumai tela, ya tarar da ɗinki kashi kashi: na dangi, na matan Zumunta, na ƙawayen amarya. A gefe guda ga wasu riguna ruwan ɗorawa masu ƙyalli, da wando tsuke da 'yar hula. Ya nuna su ya ce a ɗinka masa irinsu.

"Malam, wannan ai na masu..." in ji Kumai.

Malam Misbahu ya ɗora yatsa a leɓe. Ya ce ƙwararre ba ya tambaya, kuma ba ya son a yi masa bayanin da bai nema ba. Kumai ya dube shi, ya dubi tumbinsa, ya ɗauko tef ya auna.

Ranar sen-fot aka cika filin makarantar firamare ta unguwa. Fasto ya yi addu'a, matan Zumunta suka yi waƙarsu da tulu da kacau-kacau, aka yi wa Paulina nasiha har ta yi hawaye, aka jera kyaututtuka a tebur. Malam Misbahu ya shigo ta baya cikin ruwan ɗorawa, wando ya kama shi kamar fatar tsiren alade a shagon Inyamurai, gilashi a ido. Ya ji daɗi da ya ga samari biyar ko shida masu irin shigarsa tsaye daf da dandamali. Ya shige tsakiyarsu ya tsaya. Suka dube shi, suka dubi juna, suka gaishe shi.

Sai Kaleb ya ɗaga lasifika ya ce lokacin da ake jira ya yi, a tafa wa Dodon Kaf da 'yan rawarsa masu ruwan ɗorawa. Kafin Malam Misbahu ya gama fahimtar maganar, na baya sun turo na gaba, ya tsinci kansa a kan dandamali, a sahun farko, gari guda na kallonsa. Ya juya zai sauka, aka saki kiɗa.

Jiki magayi. Waƙar da ya sha safe da rana da sunan bincike ashe ba a kai ta zauna ba, a gwiwa ta zauna. Ƙafar dama ta fara, ta hagu ta amsa, kafaɗa ta ce ba za a bar ta a baya ba. Ya san inda ganga ke tsayawa, ya san inda take dawowa, har ya riga samarin juyawa. Da aka zo amshi, sai ya ji wata murya kusa da kunnensa tana rera "kunna data, kunna data", ya duba ya ga tasa ce. Fili ya kaure da shewa. Matan Zumunta suka miƙe tsaye, Azariya ya kwanta a kan kujera yana riƙe ciki, wani tsoho ya hau ya manna masa kuɗi a goshi.

A tsakiyar wannan abin kunya ya tuna kwalinsa. Ga Dodon nan a gabansa, taku biyu, yana waƙa yana ja da baya kamar mai gudun maciji. Malam Misbahu ya bi shi da rawa, ya matsa, ya matsa, ya kai hannu ya fizge hular da gilashin gaba ɗaya. Mai kiɗa ya kashe na'ura.

Saifullahi ne. Ya durƙusa a kan dandamali, lasifika na hannunsa a kunne, duk fili ya ji shi.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau," in ji Malam Misbahu, don bai san yadda ake ƙin amsa gaisuwa ba.

Ya dubi hular da ke hannunsa, ya gane zaren. Tsohuwar rigar sanyinsa ce da Rabi'a ta ce asu ya cinye. Ya karɓi lasifikar a hankali, ya tambayi jama'a wa da wa suka sani. Hannuwa suka tashi kamar gonar dawa. Kumai ya ɗaga, Kaleb ya ɗaga, amarya ta ɗaga, Fasto ya ɗaga nasa rabi yana kallon sama. Rabi'a a rumfar dangi ta ja mayafi ta rufe fuska, amma hannunta na sama.

Azariya ya taso yana share hawaye, ya tsaya a teburin kyaututtuka ya ɗauko wani babban madubi da aka kawo wa amarya, ya hau dandamali ya riƙe masa shi a gaba.

"Rabin alkawari ya cika, Malam. Ga uban nan mun kawo maka. Gaya masa."

Mama Keziya kuwa ta riga ta matso gaba, ta riƙe ƙugu tana jira.

Malam Misbahu ya dubi madubi. Ya ga wani tsoho cikin rigar yara, gumi ya jiƙa shi, kuɗi manne a goshi. Wannan mutumin, gaskiya, ya cancanci a gaya masa magana, kuma kalmomin na bakinsa, jimla ɗaya ce kwalinsa ya tsira. Amma jimlar ba ta tsaya a kan uban kaɗai ba. Ya sauke ido ya dubi Saifullahi, har yanzu gwiwa a ƙasa, kai a sunkuye. Yaron da gari guda ke yi wa tafi, amma ya rufe fuskarsa da tsumma don kada ubansa ya ji kunya a majalisa. Tausayi ya kama shi, kunya kuma ta rufe shi, amma ba kunyar rawar ba.

Ya ture madubin gefe. Ya kama hannun ɗansa ya ɗaga shi tsaye.

"Keziya, gobe ki zo ki ɗauki kwalin."

Ya gyara murya ya ce kada wani ya yi zaton ya canza ra'ayi, waƙar nan har gobe ba ta da ma'ana, kalma uku ce ake ta juyawa. Amma uban mawaƙin ya iya tarbiyya, kuma duk mai ja ya same shi a rumfa. Sannan ya miƙa wa Saifullahi lasifika, ya ce wa mai kiɗa ya mayar daga farko, don ɗazu a baiti na biyu samarin nan sun ɓata masa sahu.

Da safe ya zo rumfa ya tarar ƙarƙashin tebur fayau, sai shatin kwali a ƙasa. Ya zauna shiru, abin da ba a taɓa gani ba. Can Mama Keziya ta miƙo masa ƙosai mai zafi ta ce na ta'aziyya ne. Ya buɗe naɗin, sai ga shafi daga littafin da ya fi so, mai ya ratsa shi har ana ganin yatsa ta baya. Ya manta da ƙosan, ya sa gilashinsa na gyaran agogo ya fara karantawa. Daidai wurin ne da shugaban 'yan leƙen asiri ya tara mutanensa a ɗaki zai faɗi sunan maci amana. Shafin ya ƙare a tsakiyar jimla.

Ya ɗago ya roƙe ta ta ba shi shafi na gaba.

"Takarda ba ya fita shi kaɗai, Malam," in ji Keziya. "Sai da ƙosai."

Ya laluba aljihu yana ƙunƙuni, ya ce ta zubo, amma ta bi lamba, kada ta tsallake masa shafi. Wayarta na gefen kasko tana kaɗa waƙar nan, ƙafarsa ta dama kuma tana buga ƙasa a ƙarƙashin benci.